Haladu Ban-Sani-Ba da Makullin Injin Ban-Ruwa

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da injin ban-ruwa ya fara shiga fadamu, mutane suna kwance jigo suna jingine shi a bayan rumbu. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Shi wannan bawan Allah sunansa Haladu, bakanike ne. Ku matso, ku saurara da kunne biyu, gama labarin yana da wurin da shi kansa Haladu ya rasa gabas ya rasa yamma.

Haladu ba shi da gareji, ba shi da allon suna. Rumfar kara ce a gindin wata tsamiya, da buhun da yake shimfiɗawa don kada ƙananan ƙarafa su ɓace a cikin yashi, da wani tsohon kwanon sha da yake zuba kananzir a ciki. Mutum ne mai sanyin hannu, mai jinkirin magana. In ka tambaye shi abu, sai ya dubi ƙasa tukuna, kamar amsar tana can a ajiye.

A garin kuwa akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, Isiyaku da Mudi. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu fadama guda, suka raba ta biyu. Isiyaku, shi ne babba, ya ɗauki ɓangaren da ke bakin ruwa. Mudi ya ɗauki na can sama. Inji kuwa ɗaya ne, haɗa hannu suka yi suka saye shi daga wani manomi da ya daɗe yana aiki da shi. Sai suka raba kwana: yau wa, gobe ƙane. Injin yana zaune a gaɓar Isiyaku. Ranar Mudi, tiyo sai ya ratsa ta gonar wansa kafin ruwa ya kai ga fangalin albasarsa. Ku riƙe wannan da kyau: ruwan ƙane ta gonar wa yake bi.

Wata safiya ta bazara, albasa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishirwa, Isiyaku ya sauka fadama domin ranar tasa ce. Ya ja igiyar inji, inji ya ƙi. Ya sake ja, inji ya yi tari ya yi shiru. Ya tattaro ƙarfinsa ya ja na uku, sai injin ya fizge igiyar baya, har ya ji kamar kafaɗarsa ta fita daga gurbinta. Ya duba tanki, ga mai. Ya kwance fulogi ya gwada, ga wuta. Mai akwai, wuta akwai, inji ya ƙi tashi.

Ya ɗaga murya ya kira ƙanensa. Ya ce, "Mudi, me ka yi wa injin nan jiya?"

Mudi ya ce, "Yaya, da hannuna na kashe shi lafiya lau. Kai me ka yi masa yau?"

Daga nan magana ta hau. Aka tono na bara, aka tono na bara waccan, aka tono har rabon gado. Makwabtan gona suka taru. Isiyaku, yana dafe da kafaɗa, ya rantse a gaban jama'a cewa in ta tabbata Mudi ne ya ɓata injin, tiyonsa ba zai ƙara ratsa gonarsa ba har abada. Mudi shi ma ya rantse cewa in ta tabbata laifin Yaya ne, zai kwance kan famfon ya tafi da shi, rabonsa ke nan, ya bar masa inji ya riƙa shayar da albasa da hayaƙi. Kun ga ke nan, ko ta ina abin ya faɗa, gonar mutum ɗaya za ta bushe, zumunci kuma ya bushe tare da ita.

Mai unguwa ya zo ya tsawatar. Ya ce, "Rantsuwa dai kun riga kun yi, ba ta komawa ciki. A kai wa Haladu. Ya buɗe, ya duba. Wanda ya ce shi ne, shi ne." Duka biyun suka amsa da murya mai ƙarfi, kowa yana nuna ba ya tsoro.

Inji irin wannan mutum biyu ke ɗaukarsa, kowa ya kama gefe. Amma ranar nan wa da ƙane suka ƙi haɗa hannu a kan ƙarfe guda. Sai da aka aro baro aka ɗora shi. Isiyaku yana turawa da hannu ɗaya da rabi, Mudi yana biye daga nesa, jama'a a tsakaninsu.

Da Haladu ya ji abin da ake so a gare shi, ya dubi ƙasa, ya daɗe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gyara na ɗan iya. Shari'a ban koye ta ba."

Mai unguwa ya ce, "Ba shari'a muka ce ka yi ba. Ƙarfe muka ce ka duba mana. Kai ne kake jin maganarsa."

Haladu ya yi bisimilla, ya kwance murfin gefe. A nan akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, wanda makanikai ke kira fulawil, yana zaune a kan bakin sandar da ke juyawa a cikin inji. Ya sa sifana ya kwance notin da ke riƙe da faifan. Ya lura gefen notin duk sara-sara ne, kamar an taɓa dukansa da wani abu mai kaifi. Ya ja faifan, faifan ya ƙi fitowa. Ya mayar da notin daidai bakin sandar don kada duka ya lalata zarenta, sannan ya ɗaga kai yana neman hannu.

Ya ce, "Ni kaɗai ba zan iya ba. Malam Isiyaku, riƙe mini jikin injin nan kada ya motsa. Mudi, sa wannan ƙarfen ta bayan faifan ka danna a hankali. Na ce a hankali."

Suka durƙusa, kowa ya kau da fuska. Haladu ya ɗora guntun katako a kan noti, ya buga da guduma, ya buga, ya sake bugawa. Sai faifan ya yi ƙara ya saki. Wani ɗan guntun ƙarfe ya faɗo a kan buhu.

To, ku saurara, in gaya muku mene ne wannan. A jikin sandar akwai 'yar tsaga, a jikin faifan ma akwai 'yar tsaga. Tsakaninsu ake sa wani ɗan ƙarfe, bai kai farcen babban yatsa ba, siffarsa kamar rabin wata: bayansa miƙe, cikinsa a zagaye. Makanikai suna ce masa makulli, ko da yake ba ya buɗe ƙofar kowa. Shi ne ke sa faifai da sanda su yi tafiya tare, wuta ta zo a kan lokacinta. Da gangan ake yin sa da ƙarfe mai taushi, domin in wani bugu ya auku, shi ya karye, sanda ta tsira. To shi ne ya rabe biyu. Faifan ya goce daga mazauninsa, wuta tana zuwa ba a kan lokaci ba, shi ya sa injin yake fizgar igiya. Rabin sama shi ne ya faɗo, duk ya murje ba a gane komai a jikinsa. Rabin ƙasa kuwa yana cikin tsagar sanda, ya lafe, ya shafe daidai da jikinta, ko bakin allura ba shi da wurin kamawa.

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Malam Haladu, me ke karya shi?"

Ya ce, "Abin da na sani biyu ne. Ko tsakuwa ta shiga fankar da ke tura ruwa, inji ya tsaya cak yana cikin gudu. Ko kuwa noti bai ɗauru sosai ba, faifai ya riƙa girgiza yana cin sa kaɗan-kaɗan."

Abin mamaki, da ya faɗi haka, wa da ƙane da suka cika wurin da hayaniya sai kowannensu ya yi tsit. Haladu ya lura, amma bai gane dalili ba.

Ya ɗiga man birki a kan guntun da ya maƙale, ya ce sai an bar shi ya jiƙa zuwa gobe. Wurin ya kaure. Wani maƙeri ya ce a ba shi guduma babba ya fitar da shi kafin a ƙifta ido. Isiyaku ya ce, "Gobe? Albasa tana can tana sunkuyar da kai, kai kana nan kana shafa wa ƙarfe mai kamar amarya?"

Haladu ya ce, "Malam Isiyaku, in na fasa bakin tsagar nan, sanda ta mutu. Wata sandar kuwa sai birni, in ma an samu. Kafin ta iso, babu albasar da za a shayar, taka ko tasa. Ku yi haƙuri."

Aka watse ana gunaguni.

Bayan sallar la'asar, yana zaune shi kaɗai yana wasa bakin wata ƙusa a kan dutse, sai ga Mudi ya ɓullo ta bayan tsamiya. Ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali har sau biyu. Sannan ya rage murya ya ce, "Malam Haladu, zan faɗa maka magana, amana ce, daga ni sai kai sai Allah."

Haladu ya ce, "Ina jin ka."

Ya ce, "Ka san gonata tana sama, ruwa da ƙyar yake hawa. Jiya na cire rariyar da ke bakin tiyo cikin kogi, don ruwa ya ƙara ƙarfi. Can sai na ji wani ƙwas a cikin famfo, injin ya yi kamar zai mutu, sannan ya ci gaba. Da na gama na mayar da rariyar na tafi gida. Wallahi ban yi don ɓarna ba. In Yaya ya datse mini ruwa, yarana me za su ci? Ka rufa mini asiri."

Haladu ya ce, "Abin da ka faɗa mini ba zai fita daga bakina ba. Amma ƙarya ma ba za ta fita daga bakina ba."

Mudi ya ce, "To in an tambaye ka fa?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ban sani ba tukuna."

Mudi ya tafi, Haladu ya zauna da nauyi a zuciya. A ransa ya ce shi ke nan, Mudi ne. Ga tsakuwa, ga ƙara, ga inji ya ƙi tashi washegari. In ya faɗa, ya ci amana, ya kuma busar da gonar mai yara. In ya ɓoye, ya yaudari mai unguwa da jama'a da suka dogara da shi. Ya juya ta nan, ya juya ta can, bai ga ƙofa ba.

Da gari ya waye, ana fitowa daga sallar asuba, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Isiyaku ne, riƙe da zabuwa a ƙarƙashin babbar riga. Ya ja shi gefen katanga ya ce, "Ga wannan a kai wa mai ɗakinka."

Haladu ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ka riƙe ta har aikin nan ya wuce."

Isiyaku ya ƙara matse zabuwa, tana ƙoƙarin ƙwacewa. Can ya ce, "Ka ga notin nan jiya?"

"Na gan shi."

"To, tsakanina da kai, kada wani ya ji. Kwanakin baya na ga wuta ta yi rauni, na ce bari in goge tsatsa da kaina. Ba ni da sifana. Da guduma da guntun ƙarfe na kwance shi, da su na mayar. Na ɗaure iyakar ƙarfina, amma ban sani ba ko ya kai. Haladu, ni ne babba. Na rantse a gaban mutane. In aka ce ni ne, da wace fuska zan dubi yaron nan? Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ai kowa ya san wanda ya yi aiki da injin na ƙarshe."

Haladu ya ce masa daidai abin da ya ce wa ƙanensa, kalma ba ta canza ba: amanarsa ba za ta fita ba, ƙarya ma ba za ta fita ba.

Jama'a, ku duba halin da bawan Allah nan ya shiga. Jiya yana da mai laifi ɗaya, yana kuka da nauyinsa. Yau yana da biyu, ko kuwa ba shi da ko ɗaya. Ya yi ta ƙoƙarin tuna yadda notin ya kwance a hannunsa. Da tauri ne, ko da sauƙi? In ya tuna ta nan, sai ya ji kamar da sauƙi. In ya tuna ta can, sai ya ji kamar sai da ya ɗan danna. Hannunsa da kansa ya ƙi ba shi shaida.

Ya shiga gida, matarsa Lantana ta kawo masa koko, ya riƙe ludayi bai kai baki ba. Ta ce, "Malam, koko na sanyi. Maganar 'ya'yan marigayi ce?"

Ya ce, "Ita ce."

Ta ce, "To mene ne abin wahala? Ka ce musu kwanansa ne ya ƙare, ba laifin kowa. Kowa ya tafi gida lafiya."

Ya ce, "In na ce ba laifin kowa, na faɗi abin da ban sani ba."

"To ka ce laifinsu ne duka, a raba musu kamar yadda suka raba gona."

"Shi ma ban sani ba. In kuma aka ce in kawo dalili, akwai abin da ba ni da ikon faɗa."

Ta ajiye murfin kwano ta ce, "Ikon Allah! To kai me ka sani?"

Ya yi tunani ya ce, "Na san ya karye."

Ta ce, "Wannan ai ko ni da ban taɓa riƙe sifana ba na sani. Sha kokonka."

Abin da ya rage masa fata ɗaya ne. Ya ce a ransa, in guntun nan ya fito lafiya, zan duba wurin da ya karye. In sabuwar karaya ce, fara fat, to bugu ɗaya ne, tsakuwa ce. In ya yi baƙi ya cinye, to girgiza ce, noti ne. In na sani, sai in san irin roƙon da zan yi wa mai unguwa. Ya roƙi Allah Ya nuna masa gaskiya, ya fita.

Hantsi bai gama ɗagawa ba gindin tsamiya ya cika. Mai unguwa yana kan kujera, wa yana dama, ƙane yana hagu. Haladu ya goge man, ya ɗauki ƙusar da ya wasa jiya da 'yar ƙaramar guduma. Bai sa ƙusar a tsakiyar guntun ba, domin hakan ƙara dasa shi zai yi. A can ƙarshen gefe ɗaya ya sa ta. Tunda cikin makullin a zagaye yake, in gefe ɗaya ya nutse, ɗayan zai ɗago. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Babu motsi. Ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, bakin ƙusa ya lanƙwashe. Ya koma kan dutse ya sake wasa ta, mutane suna tsaki. Ya ƙara ɗiga mai, ya jira, ya koma ɗaya gefen. Maƙerin nan ya ce, "Kai, wannan ai susa kake yi masa." Aka yi dariya. Zufa tana ɗiga daga haɓar Haladu a kan buhu. Isiyaku yana kallon rana, Mudi yana kallon hanyar fadama, kowa yana tuna albasarsa.

Ya koma gefen farko. Ya ƙwanƙwasa. Sai ya ji a yatsunsa, ba a kunnensa ba, cewa sautin ya sauya. Gefen ya nutse kamar kaurin gashi, ɗayan ya ɗago kamar kaurin gashi. Ya ci gaba, nan kaɗan, can kaɗan, yana lilo da shi a cikin tsagarsa, har bakinsa ya fito yadda filaya za ta kama. Ya kama, ya zaro. Bakin tsaga lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ya wanke guntun a kwanon kananzir, ya ɗaga shi ga hasken rana. Ku ji abin da ya gani. Rabin wurin karayar baƙi ne, tsohuwar tsagewa. Rabin kuma fari ne yana ƙyalli, sabo. Haladu ya juya shi, ya sake juya shi. Tsohuwar tsagewar nan, notin Isiyaku ne ya jawo ta, ko kuwa tun a hannun manomin da ya sayar musu ta fara? Sabuwar karayar nan, tsakuwar Mudi ce, ko fizgar igiyar jiya da safe ce ta ƙarasa shi? Da babu tsakuwa, zai kai baɗi? Da babu tsagewa, tsakuwa za ta iya masa? Ya tambayi ƙarfe, ƙarfe ya ba shi amsa biyu, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Mai unguwa ya ce, "To, Haladu, muna jin ka. Wane ne?"

Haladu ya ajiye guntun a kan buhu. Ya dubi ƙasa. A lokacin nan, da ya ce Mudi, babu mai musa masa, domin shi ya yi aiki da injin na ƙarshe. Da ya ce Isiyaku, ga noti nan a kan buhu da sara a jikinsa, ya isa shaida. Ko wanne ya faɗa, za a tashi ana cewa Haladu gwani ne, yana karanta ƙarfe kamar allo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Mai unguwa ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce ban sani ba. Ya fara tsagewa tun da daɗewa, ya ƙarasa kwanan nan. A hannun wa ya fara, a hannun wa ya ƙare, ban sani ba."

"Za ka iya rantsuwa?"

"Na rantse da Allah ban san wanda ya karya shi ba."

"Ko zato ba ka da shi?"

Ya ce, "Zato kam ina da shi. Na kwana da ɗaya, na tashi da wani. Ba zan hana mutum ruwa da abin da ke sauya mini tsakanin dare da safiya ba."

Sai wurin ya ɓarke. Wani ya ce an ɓata musu yini a banza. Maƙeri ya ce, "Bakanike ke nan! Ya buɗe ciki, ya ga hanji, ya ce bai san ciwo ba." Isiyaku ya miƙe, muryarsa ta fi ta kowa, ya ce, "Dama na faɗa, wannan bai san komai ba!" Mudi shi ma ya ce, "Gaskiyarka, Yaya. Da mun sani da garin gaba muka kai." Ku lura, wannan ce magana ta farko da suka haɗu a kanta tun da injin ya tsaya.

Haladu ya koma kan aikinsa. Ya ɗauki guntun ƙarfe mai taushi da magagari, ya zauna yana gogawa yana gwadawa a tsaga, yana gogawa yana gwadawa, har sabon makulli ya zauna daram. Isiyaku ya ce a sa mai tauri wanda ba zai sake karyewa ba. Ya ce, "A'a. In shi bai karye ba, sanda ce za ta karye." Ya mayar da faifai, ya ɗaure noti da sifana har ya ji ya kai. Bai dubi kowa ba ya ce, "Notin nan sifana yake so. Duk mai bukata ya zo ya ara." Ya yanko guntun waya ya ajiye a kan inji ya ce, "Rariyar bakin tiyo kuma a ɗaure ta da wannan, tsakuwa ta yi yawa a kogin bana." Ya ja igiya sau ɗaya, inji ya tashi.

Mai unguwa ya ce tunda laifi bai tabbata a kan kowa ba, rantsuwar kowa ba ta hau ba, a koma yadda ake. Mai baro kuwa ya riga ya karɓi abinsa. Dole wa ya kama gefe, ƙane ya kama gefe. Suka nufi fadama da sauri, suna tafe suna zagin Haladu baki ɗaya. Kafin azahar ruwa yana gudu a fangalin Isiyaku, kafin la'asar tiyo ya ratsa gonarsa ya hau ta Mudi.

Kuna tsammanin an gode masa? Ba a gode masa ba. Daga ranar sunansa ya koma Haladu Ban-Sani-Ba. In ya wuce majalisa, sai wani ya ce, "Malam Haladu, yau wace rana ce?" saura su amsa, "Bai sani ba!" Masu injuna da yawa suka koma kai aikinsu garin gaba. Lantana ta sha yi masa ƙorafi, ya ce ta yi haƙuri. Kalma ɗaya za ta wanke shi, kalmar tana bakinsa, ya tafi da ita kabari.

Bayan shekaru masu yawa Allah Ya karɓi ransa. A wurin zaman makoki, Isiyaku, ya tsufa yana dogara sanda, ya share hawaye ya ce, "Jama'a, ku shaida. Mutumin nan na zage shi a bainar jama'a, alhali asirina yake rufewa. Injin nan namu, ni na karya shi. Ni na ɗaure noti da guduma, na kuma gaya masa."

Mudi da ke gefensa ya juyo da sauri ya ce, "Yaya, me kake faɗa? Ai ni na karya shi. Ni na cire rariya, na gaya masa tun ranar. Ni yake rufa wa asiri!"

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu, baki buɗe. Wa ya ce ni ne, ƙane ya ce a'a ni ne, har suka fara ɗaga murya kamar ranar farko. Wani dattijo ya ce, "To yanzu wane ne a cikinku?" Can Isiyaku ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Daga bakin wanda ya zauna a wurin na ji wannan.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kada mutum ya yanke hukunci da zato, ko da duk gari sun taru suna jiran ya yanke. Kada ya sayi suna da amanar da aka ba shi. Kuma kada ya ji kunyar cewa bai sani ba, a inda bai sani ba. Mu yau, aure ya mutu a unguwa, kafin magariba kowa ya san mai laifi. 'Yan'uwa sun saɓa a kan gado, kowannenmu ya ji gefe ɗaya ya zama alƙali. Wani ya faɗa maka sirrinsa da la'asar, da isha'i yana yawo a majalisa, don kawai a ce kai ne mai labari. Gona nawa muka busar da bakinmu? Zumunci nawa?

Haladu ya yarda sunansa ya karye, gidan mutane ya tsira, kamar ɗan makullin nan mai taushi da aka yi don ya kare sanda. Gobe, ko jibi, wani zai tsaya a gabanka ya ce, "Kai da ka san su, wane ne mai laifi?" Ka dubi ƙasa tukuna. In ka sani kuma faɗar ta halatta, ka faɗa da tsoron Allah. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ko da za a yi maka dariya har ranar da za a ɗauke ka. Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa, Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu da saninsa. Amin.